Adadin da Ya Ƙetare Kogi

An yi wani sarki a Birnin Gamji, a zamanin da ya shuɗe, sunansa Jatau, mai kwarjini da saurin fushi, wanda kuma idan fushin ya sauka ba wanda ya kai shi nadama. Amma ku masu karatu ku yi mini haƙuri in bar shi a kan karagarsa tukuna, domin labarin bai faro daga fada ba. Ya faro ne daga inuwar wata ɗorawa a bayan gari, ranar da wata masaƙiya mai suna Yalwa ta fara ganin Malam Zubairu.

Ranar tana wadari ne, tana jera zaren da za ta ɗora a masaƙa, bakinta na motsi da ƙidaya, sai ga wani baƙo daga ƙetaren kogi ya yi sallama yana neman gwado na saye. Ya tsaya bai katse ta ba har ta kai ɗari da ashirin ta ƙulle, sannan ya tambaye ta me ya sa ta tsaya a nan, ga zare ya rage a hannunta wanda zai kai ta ɗari da ashirin da bakwai. Ba ta ɗago kai ba ta ce ɗari da ashirin mai sauƙin hali ne, ko layi biyu ake so a jikin gwado, ko uku, ko huɗu, ko biyar, ko shida, zai rabu daidai ba gardama, amma ɗari da ashirin da bakwai ba ya yarda da kowa sai kansa. Baƙon ya yi dariya har ya dafa itacen, ya ce malaman hisabi suna kiran irin wannan adadi awwali. Ta ce su a nan mai taurin kai suke ce masa.

Yalwa marainiya ce, a hannun goggonta Hajjo ta tashi. Ubanta ya bar mata gafaka guda cike da takardun hisabi, wato lissafi, ba kuwa wanda ya koya mata su, ita ce ta zauna musu shekara da shekaru da ɗan karatun allonta har suka fara yi mata magana. Baƙon nan kuwa, Malam Zubairu, marubuci ne a fadar ƙetare. Ya sayi gwado ɗaya, ya dawo ya sayi na biyu, da ya zo na huɗu Goggo Hajjo ta tambaye shi ko sanyin garinsu ya fi na ko'ina ne. Daga baya ya fito fili ya faɗi buƙatarsa ta auren Yalwa. Goggo ta tambayi Yalwa a gabansa, Yalwa ta sunkuyar da kai ta yi shiru, Goggo ta ce ai shi ke nan, shirun budurwa yarda ne. Amma Malam Zubairu ya ce shi a sana'arsa ba ya rubuta abin da ba a faɗa ba, zai jira har ya ji daga bakinta. Kunya ta riƙe mata harshe, tana cewa a ranta zuwa na gaba za ta faɗa. Kafin zuwan na gaba aka rufe kogi.

To, ga dalilin rufewar. Sarki Jatau yana da ƙane mai suna Sambo, kuma da ubansu ya rasu aka raba musu ƙasa, kogi ya zama iyaka. Jatau tun yana yaro farauta ce ta ɗauke masa hankali, Sambo kuwa littafi. Masu kai gulma suka yi ta ƙetare ruwa suna gaya wa babba cewa ƙaramin yana yi masa kallon jahili, suna gaya wa ƙaramin cewa babban yana shirin cinye ƙasarsa, har Jatau ya hana kwalekwale tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Shekara uku aka yi haka.

A shekara ta huɗu, wata ranar Juma'a da hantsi, aka ga kwalekwale guda ya taso daga ƙetare da farin ƙyalle a kan sanda. Malam Zubairu ne a ciki, da takarda daga Sarki Sambo zuwa ga yayansa. Aka buɗe ta a gaban fada, ba gaisuwa a ciki, ba addu'a, ba ko sunan mai aikowa, sai adadi guda a tsakiyar takarda, 9,437,056, wato miliyan tara da dubu ɗari huɗu da talatin da bakwai da ɗoriyar hamsin da shida.

Sarki ya tambayi manzon ma'anar wannan. Malam Zubairu ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ubangijina ya sa na dafa Alƙur'ani cewa ba zan fassara shi ba. Ya ce idan fassarar ta fito daga bakin mutuminsa za a ce daɗin baki ne, sai dai ta fito daga bakin mutumin Gamji."

Sarki ya miƙa takardar ga Waziri Attahiru, dattijo mai ilmi wanda shi ne shugaban malaman hisabi na birnin. Al'adar malaman nan ita ce su yi aiki a kan faifai da aka baza wa rairayi mai laushi, suna rubutu da tsinke, kuma da zarar sun kai ga hukunci sai a shafe rairayin da tafin hannu, a faɗi hukuncin da baki. A wurinsu kowane adadi yana da hali kamar mutum, kuma ana gane halin ne daga sassansa, wato ƙananan adadin da suke raba shi daidai ba saura. Idan aka tara sassan suka yi daidai da shi, kamar shida wanda ɗaya da biyu da uku suka cika shi, sai a ce kamili ne. Idan suka zarce shi, kamar goma sha biyu, a ce za'idi, mai yalwa. Idan kuwa suka gaza, kamar takwas wanda sassansa bakwai kaɗai suke bayarwa, a ce naƙisi, wanda bai cika ba.

Kwana uku malamai suna kan faifai. Ranar Litinin Waziri ya zo fada da nauyin fuska ya ce sun raba adadin biyu har sau bakwai yana rabuwa, sannan suka iske awwali a ƙarƙashinsa wanda ba ya rabuwa da komai, sun sami sassa goma sha biyar, sun tara, sassan sun gaza cika shi. Adadin naƙisi ne. Bai ƙara komai a kai ba, amma fadawa suka ƙarasa masa, suka ce ai magana ta fito, Sambo yana gaya wa yayansa ne cewa duk girmansa bai cika ba.

Fuskar sarki ta canza. Ya sa aka ɗaure Malam Zubairu da mari, ya rantse cewa idan Juma'a ta zagayo ba wanda ya nuna masa wata fassara, manzon zai tsufa a kurkuku, ba zai ƙara ganin kogi ba. Waziri ya tunatar da shi a hankali cewa ɗan aike ba ya laifi. Sarki ya ce wanda ya san zagi ya ɗauko, ya kuma ƙi janye shi, ya tashi daga ɗan aike.

Labari ya kai inuwar ɗorawa kafin azahar. Yalwa ta ajiye saƙarta, ta yafa mayafi, ta tafi zauren Waziri ta durƙusa daga bakin ƙofa har aka lura da ita. Waziri ya san ubanta, saboda haka ya saurare ta, ya faɗa mata adadin, ya kuma bayyana mata yadda suka yi, kamar mai lallashin yaro. Da ya gama ta ce, "Baba, da kuka tara sassan, nawa suka ba ku?"

Ya ce, "Sun gaza, 'yata."

Ta ce, "Na ji sun gaza. Nawa ne?"

Waziri ya dubi malamansa, malamai suka dubi faifai, rairayi a shafe sumul. Ɗaya daga cikinsu ya ce me za a yi da jimla bayan an san hukunci, wanda ya auna hatsi ya ga bai cika mudu ba ai ba ya zama ƙirga ƙwayoyin. Wani ya ce ta koma ga zarenta kada abawa ta yi kewarta. Ta yi godiya ta fito.

A gida ta ɗauko allon ubanta da tawada ta sake aikin tun daga farko. Wannan bai ba ta wuya ba, tun da Waziri ya riga ya share hanya, kafin la'asar jimlar ta fito, 9,363,584. Ta daɗe tana kallonta. Masaƙa suna da wata ɗabi'a, ba sa yanke ragowar zaren da ya saura a masaƙa su zubar, a jikinsa suke ɗaura zaren saƙa ta gaba, kuma hannun da ya saba da haka ba ya iya ganin saura ya bar shi. Sai ta ɗauki jimlar nan ta mai da ita sabon adadi, ta fara neman nata sassan.

Ta raba biyu ya rabu. Ta sake, ya rabu. Da ta kai na bakwai ya rabu, na takwas ya ƙi, daidai inda na farkon ya ƙi, sai ta ajiye alƙalami ta sha ruwa. Abin da ya rage shi ne dubu saba'in da uku da ɗari da hamsin da uku, kuma ba wata dabara a nan sai haƙuri, a gwada shi da masu taurin kai ɗaya bayan ɗaya. Ta gwada uku ya ƙi, biyar ya ƙi, bakwai ya ƙi, sha ɗaya ya ƙi. Talata ta wuce a haka, tana wanke allo tana sakewa, har ruwan wankin ya yi baƙin kududdufi a gindin ɗorawa. Goggo Hajjo ta kawo tuwo ta mayar, ta sake kawowa, ta ce ita dai a saninta lissafi bai taɓa hana uban Yalwa cin abinci ba, sai dai idan wannan lissafin yana da gemu da rawani. Yalwa ta ci gaba da rubutu. Goggo ta zauna kusa da ita ta fara fere mata sabon alƙalami, tana cewa da an buɗe baki shekara uku da suka wuce da yanzu goyo ake yi ba wankin allo ba.

Ranar Laraba da yamma, bayan ta gwada fiye da arba'in, ta zo kan ɗari da casa'in da ɗaya, sai adadin ya buɗe kamar ƙofa, ya ba ta ɗari uku da tamanin da uku ba saura. Alhamis ta wuni tana fitar da sassa tana jerawa, ta tara su a hankali sau biyu, jimlar ta zo kusa da adadin Sambo har ba a iya sa allura a tsakani, amma ta gaza da ɗaya tak. Nan ne ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka, domin a hisabi wanda ya kuskure da ɗaya da wanda ya kuskure da dubu duk ba su samu ba. Da kukan ya lafa ta ƙirga layukan allon ta ga talatin ne, ta bi su daga ƙasa zuwa sama, ta iske ta fara da biyu. Garin sauri ta manta da ɗaya, wanda yake sashe ne na kowane adadi. Ta rubuta shi a can sama.

Ranar Juma'a da safe fada ta cika, aka fito da Malam Zubairu da mari a ƙafa, ya rame amma fuskarsa a natse. Sarki ya sa aka tambaya ko akwai mai magana. Yalwa ta taso daga cikin mata da allo a rungume, dogarai suka tare ta, Waziri ya ce a bar ta. Ta durƙusa nesa, ba ta dubi wanda ke ɗaure ba ko sau ɗaya, don ta san idan ta dube shi muryarta ba za ta fito ba.

Ta ce, "Allah ya ba sarki nasara. Ni masaƙiya ce, ban zo gyara wa malamai ba, domin abin da suka faɗa gaskiya ne, adadin nan naƙisi ne, sassansa ba su cika shi ba. Sai dai sun tsaya a kan cewa ya gaza, ni kuwa na tambaya, da ya gaza, me ya bayar. Ya bayar da wani adadi, ga shi a allon nan. Na bi wannan na biyun na fitar da sassansa talatin da ɗaya na tara, sai suka zarce shi, za'idi ne. Kuma abin da suka bayar, ranka ya daɗe, ba kowa ba ne sai adadin da aka aiko maka, ba ƙari ba ragi. Duk abin da ke cikin na farko idan an tara shi na biyu ne, duk abin da ke cikin na biyu idan an tara shi na farko ne. Gwargwadon abin da wancan ya rasa, shi ne daidai abin da wannan ya yi rara."

Ta miƙa allon. Waziri ya karɓi allon, ya sa aka kawo faifai nan take, shi da malamansa suka bi layukan ɗaya bayan ɗaya har rana ta take tsaka, sarki bai tashi ba, ba kuma wanda ya tashi. Daga ƙarshe dattijon ya miƙe da ƙyar, ya ce yarinyar ta yi daidai. Ya ce magabata suna kiran irin waɗannan mutahabbai, masoya biyu, kuma shi kansa ya karanta ƙanana daga cikinsu tun yana saurayi, ɗari biyu da ashirin da abokinsa ɗari biyu da tamanin da huɗu, amma bai taɓa zaton akwai su da wannan girma ba, shi ya sa bai nema ba. Ya ce, "Hannuna ne ya shafe rairayin, ranka ya daɗe. Kuskuren nawa ne, ba na manzo ba."

Sarki ya juya ga Yalwa ya tambaye ta, to me ƙanensa yake nufi. Ta ce ita adadi ta sani, ba ta san zuciyar sarakuna ba, abin da kawai ta lura shi ne adadin biyu ne, mai aikowa yana da zaɓi, ya ɗauki wanda bai cika ba ya sa a takardarsa, ya bar mai yalwar ba a rubuta ba.

Sarki Jatau ya sunkuyar da kai. Waɗanda ke kusa sun ce sun ga ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa har sai da aka matso. Ya ce Sambo tun suna yara haka yake, idan ya yi laifi ba ya iya cewa a yafe masa, sai ya zo ya ajiye wa mutum wani abu a bakin ƙofa ya gudu. Ya ce, "Kansa yake nufi. Ni na ɗauka ni yake zagi, ashe cewa yake bai cika ba sai da ni."

Ya sa aka kira maƙeri ya cire marin a gaban jama'a, ya sauko da kansa ya ɗora wa Malam Zubairu alkyabbarsa, ya nemi gafararsa da sunansa, abin da ba a taɓa jin ya yi wa talaka ba. Sannan ya ce a kawo takarda da alƙalami. Marubuta suka matso, ya ce su koma, wannan amsar da hannunsa zai rubuta. Ya sa Yalwa ta riƙa faɗa masa adadin na biyu ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa a hankali, harshe a gefen baki kamar ɗan makarantar allo, har ya ɓata takarda biyu kafin ta uku ta yi kyau.

Da ya gama ya ce ta faɗi abin da take so. Ta ce abin da ta zo nema maƙeri ya riga ya ba ta, sai dai idan Baba Waziri zai yarda ya riƙa ara mata littattafansa. Sarki ya yi dariya, karo na farko a kwana bakwai, ya ce a kwafe mata su duka su zama nata, a kuma ajiye mata tabarma a zauren hisabi, duk ranar da aka kawo mas'ala mai nauyi a aika a kira ta. Ya yi umarni a kwance kwalekwale a buɗe kogi, kuma daga ranar kada a ƙara shafe faifai sai an rubuta abin da ke kansa. Ya ce wa fadawansa su riƙe wannan, mai hukunci da ya tsaya a inda ya ga gazawar mutum rabin shari'a ya yi, adalci shi ne a bi gazawar har a ga wurin wa take nuni.

Washegari da hantsi Malam Zubairu ya sauka gaɓar kogi da amsar sarki a ƙirjinsa. Mutane sun cika wurin, masunta da masu fito da matan da suka shekara uku ba su ga 'yan'uwansu ba, kowa na jiran kwalekwalen farko ya tashi. Goggo Hajjo ta zo, Yalwa na bayanta. Ya gaishe da Goggo, ya gaishe da Yalwa, ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa malami, bai kuwa tambaye ta komai ba, domin ya ga bai dace ya ɗora wa wadda ta cece shi nauyin amsa ba. Ya sa ƙafa ɗaya a jirgi yana ɗingishi saboda gurbin mari.

Mai fito ya kafa gora zai tura. Yalwa ta ji kunyar nan ta taso mata kamar dā, ta haɗiye ta, ta fito daga bayan Goggo ta tako har ruwa ya taɓa mata yatsu.

Ta ce, "Malam."

Ya juyo. Mai fito ya riƙe gorar.

Ta ce, da muryar da har masunta suka ji, "Ka kai saƙon, ka dawo da manyanka. Na yarda. Kuma na yi maka alkawari, ko kogin nan ya sake rufewa, a gaɓar da kake za a same ni."